Leibniz: An Kayar Da Shi A Kotun Newton, Amma Har Yau Da Alƙalaminsa Muke Rubutu



Duk wanda ya taɓa zama ajin lissafi na shekarar farko, ko injiniya yake karanta, ko fiziks, ko tattalin arziki, ya rubuta alamomin nan biyu har hannunsa ya gaji: dy/dx, da kuma ∫, doguwar abar nan mai kama da ƙugiya. In ka tambayi ajin wa ya ƙirƙiro kalkulas, kusan kowa zai ce Newton. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai waɗannan alamomin ba na Newton ba ne. Na wani Bajamushe ne, Gottfried Wilhelm Leibniz, ana furta sunan kamar Laibniz, mutumin da babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta zauna a kansa ta fitar da hukuncin da ya bar shi da tabon satar ilimi, kuma da tabon ya shiga kabari. Rubutun yana da ɗan tsawo. Wanda datarsa ke kan gargara ya adana, ya karanta a hankali.

An haife shi a garin Leipzig a 1646, shekara biyu kafin a kawo ƙarshen yaƙin shekara talatin da ya ɗaiɗaita ƙasashen Jamus, yaƙin da ya taso daga rigimar Katolika da Furotesta. Ku riƙe wannan, don shi zai sa ku gane mutumin: a cikin kangon da gardama ta bari ya tashi. Mahaifinsa farfesa ne na falsafar ɗabi'a a jami'ar garin. Ya rasu yaron yana ɗan shekara shida, ya bar ɗaki cike da littattafai, kuma a wannan ɗakin yaron ya laƙanci Latin tun kafin sa'o'insa su san inda aka dosa. Ya shiga jami'a a 1661 bai cika shekara 15 ba, ya yi mastas a 1664, sannan a 1666 ya nemi digirin dakta a fannin shari'a. Leipzig ta hana shi. Dalilin da aka fi ambata shi ne ƙuruciya, wato dai akwai manya a layi, yaro ya jira. Bai tsaya rubuta takardar koke ba. Ya tattara ya koma wata ƙaramar jami'a a Altdorf, kusa da Nuremberg, cikin 'yan watanni ya kare kundinsa ya zama dakta yana da shekara 20. Suka ce ya zauna ya koyar, ya ƙi. Har ya mutu bai taɓa zama malamin jami'a ba. A fada ya ƙare rayuwarsa, yana yi wa sarakuna hidima, kuma za mu ga abin da hakan ya jawo masa.

A wannan shekara ta 1666 ya wallafa wani ɗan littafi kan hanyoyin haɗa abubuwa da juna, kuma a cikinsa akwai tunanin da bai rabu da shi ba har tsufa. Ga shi a taƙaice. Kowace lamba ana iya warware ta zuwa lambobin da ba sa rabuwa: 30 ita ce 2 sau 3 sau 5. To, in ji shi, me zai hana tunanin ɗan Adam ma ya zama haka? A nemo ma'anoni na asali waɗanda ba sa warwaruwa, a ba kowace alamarta, sannan a kafa ƙa'idar haɗa su. In aka yi haka, duk ranar da mutum biyu suka yi saɓani ba sai an ɗaga murya ba, balle a zare takobi. Kowa ya ɗauki alƙalami a zauna a lissafa, a ga wanda ya yi kuskure, kamar yadda 'yan kasuwa biyu ke zama kan littafin bashi. Mafarki ne, kuma bai cika ba. Amma wanda ya yi imani cewa kyakkyawar alama tana iya ɗauke wa ƙwaƙwalwa rabin nauyin tunani, shi ne zai ɓata kwanaki yana neman yadda ya fi dacewa a rubuta abu. Can ne dy/dx ta samo asali.

Kafin nan dai, bari in faɗi wani abu da masu yabonsa kan tsallake. Aikinsa na farko na kirki a fadar mai mulkin Mainz ya same shi. A lokacin, Sarki Louis na 14 na Faransa yana hararar maƙwabtansa, ƙasashen Jamus kuwa ba su gama farfaɗowa ba. Dabarar da Leibniz ya tsara ita ce a lallaɓa Louis ya bar Kiristoci 'yan uwansa, ya juya ya ci Masar da yaƙi, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Turkawa. Wato mai neman zaman lafiyar Turai ya ga hanya mafi sauƙi ita ce a kwashe wutar a zuba a gidan wasu. Da wannan takarda aka tura shi Faris a 1672. Louis bai kula ba, Holan ya auka wa a shekarar. Sai a 1798 Napoleon ya shiga Masar, don dalilansa na kansa. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka waliyyi nake ba ku labari.

Tafiyar ta faɗi a siyasance, amma ta ajiye shi a Faris shekara huɗu, kuma waɗannan shekarun su ne komai. Ya isa yana ganin kansa masanin lissafi, alhali ilimin da ya zo da shi daga Jamus tsohon yayi ne. A farkon 1673 ya leƙa Landan ya nuna wa ƙungiyar Royal Society wata na'urar lissafi da ya ƙera, wadda aka tsara ta yi tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Ba ta gama kammaluwa ba, amma sun ɗauke shi mamba. A wannan ziyarar ce ya yi alfahari da wani sakamako da ya gano kan jerin lambobi, sai wani dattijon masani, John Pell, ya gaya masa a gaban mutane cewa ai wani Bafaranshe mai suna Mouton ya riga ya buga shi a littafi. Ba sata ya yi ba, bai karanta ba ne kawai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a semina aka tambaye shi "ka karanta wane?" ya yi shiru, ya san yadda gumi ke keto mutum. Amma abin ya bar wani zato a Landan, cewa yaron nan Bajamushe yana da saurin cewa nawa ne. Bayan shekara kusan 40 sai da aka tono wannan zancen aka jefe shi da shi.

Wanda ya zame masa malami a Faris shi ne Christiaan Huygens, ɗan Holan, wanda ya ƙera agogo mai lilo. Ya gwada shi da wata tambaya da nake so ku ɗan tsaya a kanta, don a cikinta ƙwayar kalkulas take. Kun ga yadda mai lemo ke jera shi: ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, uku a ƙasan su. Jimillar tana tafiya 1, 3, 6, 10, 15, haka dai. Huygens ya ce a tara 1 + 1/3 + 1/6 + 1/10 + 1/15, a yi ta tafiya ba iyaka, nawa za a samu? Ku raba kowanne biyu, za ku samu 1/2, 1/6, 1/12, 1/20. Yanzu ku duba da kyau: 1/2 shi ne 1 a ɗebe 1/2. 1/6 shi ne 1/2 a ɗebe 1/3. 1/12 shi ne 1/3 a ɗebe 1/4. In ka jera su ka tara, kowane abu da aka ɗebe a nan ana mayar da shi a gaba, duk na tsakiya su cinye juna, 1 kaɗai ya rage. Ka ninka biyu, amsa 2. Abin da Leibniz ya ɗauka daga nan ya fi amsar girma: tarawa da ɗebewa kishiyoyin juna ne, in ka tara bambance-bambance za ka koma inda ka fito. Sai ya tambayi kansa, in bambancin ya ƙanƙance har ya kusa ɓacewa fa? In aka yanka fili mai lanƙwasasshiyar iyaka zuwa siraran yanka marasa adadi aka tara su fa?

A kakar 1675 amsar ta zauna. Takardunsa na lokacin suna nan, da kwanan wata a jikinsu. Ranar 29 ga Oktoba 1675 ya fara rubuta ∫, wadda ba komai ba ce illa doguwar S ta rubutun zamanin, harafin farko na kalmar tarawa a Latin. Cikin makonni kaɗan d ta biyo baya, harafin farko na kalmar bambanci. Kana iya bin takardun ka ga mutum yana gwada alama, ta ƙi yi masa, ya jefar, ya gwada wata.

Wani zai ce to alama ce kawai, me ya yi zafi? Bari in ba ku misali da abin da kowa ya sani. Direban da zai ɗauko mu daga nan zuwa gida in an yi hutu yana so ya san naira nawa yake ƙonawa a kowace kilomita. Ya san lita nawa motar ke sha a kilomita, ya san naira nawa ake sayar da lita. Sai ya ninka: naira a lita, sau lita a kilomita, litar ta fita, ya rage naira a kilomita. Ba wanda ya koya masa, hankali ne. To haka Leibniz ya tsara alamarsa ta yi: dy/du sau du/dx ya ba ka dy/dx, kamar du ta sama da ta ƙasa sun kashe juna. Wannan ita ce dokar sarƙa da ake ba ku a jarrabawa, kuma ko ka manta ta, alamar da kanta za ta tuna maka. Haka in za ka sauya harafi a ƙarƙashin ∫, dx ɗin da ke gefe ita ke gaya maka abin da ya rage ka gyara. Malaman lissafi za su ce dy/dx ba rabawa ce ta gaskiya ba, kuma suna da gaskiya, sai a ƙarni na 19 aka kafa wa abin tushe mai ƙwari. Amma alamar tana jan hannunka zuwa daidai ko kanka bai gama ganewa ba. Newton shi ɗigo yake sawa a kan harafi. Ɗigon yana da kyau in ana maganar gudu da lokaci, 'yan fiziks har yau suna amfani da shi, amma ba ya gaya maka ana auna sauyin ne da me, kuma ba ya yi maka aikin komai. Newton ya rubuta wa Newton ne. Leibniz ya rubuta wa ɗalibi mai matsakaiciyar ƙwaƙwalwa, irina da irinku.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Newton ya riga shi. Wannan ba abin musu ba ne. A 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe Cambridge ya koma ƙauyensu, ya gano hanyarsa, kusan shekara goma kafin Leibniz. Ya rubuta ta a 1669, amma bai buga ba, sai dai 'yan tsirarun abokai suka ga rubutun hannu. Mutum ne da ba ya son suka ko kaɗan, ya gwammace ya kulle abu a akwati da a ce masa ka yi kuskure. A 1676 ya aika wa Leibniz wasiƙu biyu ta hannun sakataren Royal Society. Ya yi bayani mai yawa kan jerin lambobi marasa iyaka, amma da ya zo kan ainihin hanyar tasa sai ya ɓoye ta: ya ɗauki jimlar Latin ya wargaza haruffanta, ya rubuta harafi kaza sau kaza, harafi kaza sau kaza. Wato yana so a san ya riga kowa, amma ba ya so kowa ya san mene ne. Ba mahalukin da zai karanta wannan ya fitar da kalkulas. Kuma wasiƙar ta biyu ba ta ma isa hannun Leibniz ba sai a 1677. Gaskiya ne a Oktoban 1676 Leibniz ya sake ratsawa ta Landan, aka nuna masa wancan rubutun hannu na Newton, har ya kwafi wasu abubuwa. Amma abin da ya kwafa kan jerin lambobi ne, kuma ∫ da d sun riga sun shekara a takardunsa.

A ƙarshen 1676 neman abinci ya kai shi Hanover, ya zama mai kula da laburare kuma mai ba da shawara a fadar masu mulkin garin. Bai so barin Faris ba, amma ba a ba shi gurbi a can ba. Shekara 40 ya yi a wannan hidima, ƙarƙashin iyayen gida uku.

A 1684 ya buga kalkulas ɗinsa a wata mujallar masana da ke fitowa a Leipzig, garin da ya hana shi dakta. 'Yan shafuka ne, a dunƙule, ga kurakuran ɗab'i, da wuya a gane. Amma ya fito fili, kowa na iya ɗauka. Wasu 'yan uwa biyu a Basel ta Suwizalan, Jacob da Johann Bernoulli, suka zauna suka kwance shi, suka fara warware matsalolin da suka gagari magabata. A 1696 littafin koyar da kalkulas na farko ya fito a Faransa da sunan L'Hôpital. Af, dokar nan ta L'Hôpital da kuke haddacewa, ta Johann Bernoulli ce. Attajirin yana biyansa albashi ne yana karɓar sakamakonsa, don haka sayen aiki bai fara daga kan masu shagon rubuta furojet na bakin get ba. Johann kuma shi ya koyar da Euler. Cikin shekara 20 abin ya zama makaranta guda, kowa na rubutu da alama ɗaya, kowa na gane na kowa. Shi kuwa Newton, cikakken bayanin hanyarsa bai fito da sunansa a littafi ba sai 1704, a matsayin rataye a bayan littafinsa na haske. Kusan shekara 40 yana zaune a kan abu. Mu da muke da babi uku a kwamfuta tun bara muna jira su "nuna" kafin mu nuna wa kowa, ga madubi.

A Hanover kuwa me ba a sa shi ba, me kuma bai sa kansa ba? Ya shafe shekaru a ma'adinan azurfa na duwatsun Harz yana ƙoƙarin janye ruwa daga ramuka da injin iska, abin bai yi ba. Ya yi ta kai gwauro ya kai mari don sasanta Katolika da Furotesta, bai yi ba. Ya sa aka kafa ƙungiyar masana a Berlin a 1700, ya zama shugabanta na farko. Ya gana da Sarki Peter na Rasha. A 1703 ya rubuta wa masanan Faris bayanin ƙirga da 0 da 1 kaɗai, wanda shi ne harshen wayar da kuke karanta wannan a kanta, ko da yake ba kai tsaye daga hannunsa injiniyoyin kwamfuta suka karɓa ba.

Falsafarsa ma daga wannan rijiya take ɗiba. Ginshiƙinta shi ne babu abin da ke kasancewa ba tare da isasshen dalilin da ya sa ya zama haka ba wani iri ba. Duk abin da ke duniya yana iya kasancewa yana iya rashin kasancewa, don haka dalilinsa na ƙarshe dole ya kasance a wajen duniyar, wurin Wanda samuwarsa wajibi ce. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta tauhidi zai ji wannan ba baƙo ba ne, rabuwar wajibi da mai yiwuwa ce da Ibn Sina ya shimfiɗa ƙarnuka kafin shi. Daga nan ya ce, tunda Mahalicci ya san duk duniyoyin da za su iya kasancewa kuma ya zaɓi wannan, to ita ce mafi dacewa a cikinsu, duk da sharrin da ke cikinta: ƙa'idoji mafi sauƙi, sakamako mafi yalwa. Kun ji bakin mai lissafi. Ya shimfiɗa wannan a littafinsa na 1710, kuma bayan girgizar ƙasar Lisbon ta 1755 Voltaire ya mayar da shi abin dariya a wani ƙagaggen labari da ya fitar a 1759. Imam Ghazali ma ya faɗi magana mai kama da wannan, malamai suka yi ƙarnuka suna kai ruwa rana a kanta. A ganina Voltaire ya ci dariya amma bai amsa hujjar ba, domin Leibniz bai taɓa cewa babu wahala a duniya ba.

Sai babban aikin da ya zame masa ƙarfen ƙafa. A 1685 aka ɗora masa rubuta tarihin gidan sarautar iyayen gidansa. Abin da suke so ɗan littafi ne mai nuna asalinsu babba ne, don neman ƙarin matsayi. Shi kuma ya ɗauke shi bincike na gaske. Daga 1687 zuwa 1690 yana yawo a kudancin Jamus da Ostiriya da Italiya yana tonon tsofaffin takardu. Da ya zo rubutu, sai ya ga ai kafin a yi maganar sarakuna sai an yi maganar ƙasar da suka mulka, kafin ita kuma sai an yi maganar yadda duwatsu da tekuna suka samu. Gabatarwa ta koma littafi mai zaman kansa kan tarihin doron ƙasa. Shekara 30 ana tambayarsa ina aiki, yana cewa saura kaɗan. 'Yan mastas, kada kowa ya yi dariya.

Rigimar ta fara hayaƙi a 1699, lokacin da wani na kusa da Newton, Fatio de Duillier, ya yi shaguɓe a rubuce cewa mai zuwa na biyu wataƙila ya ara daga na farko. A 1705 wani sharhi marar suna ya fito a mujallar Leipzig kan rubutun Newton, da wata jimla da za a iya fahimta cewa Newton ne ya ɗauki na Leibniz ya sauya masa riga. Leibniz ne ya rubuta, ko da yake bai amsa ba. Sai John Keill na Oxford ya fito ƙarara ya ce Leibniz ya ɗauki hanyar Newton ya sauya suna da alama. A 1711 Leibniz, a matsayinsa na mamba, ya kai ƙara Royal Society yana neman a sa Keill ya janye.

To wa ke shugabantar Royal Society tun 1703? Newton. A 1712 aka kafa kwamiti. Ba a kira Leibniz ba, ba a nemi jin ta bakinsa ba. Cikin 'yan makonni rahoto ya fito: Newton ne na farko, Keill bai yi laifi ba, ga kuma tsofaffin wasiƙu an jera su yadda mai karatu zai kammala da kansa cewa Leibniz ya leƙa. Har zancen Pell da Mouton na 1673 sai da aka sako. Yau an san wanda ya tsara rahoton, domin daftarinsa yana nan da rubutun hannun Newton. Bai tsaya nan ba, a 1715 ya rubuta dogon sharhi marar suna yana ƙarfafa rahoton a mujallar ƙungiyar. Shi ne mai ƙara a ɓoye, shi ne alƙali, shi ne kuma ɗan jaridar da ya yaba hukuncin. Ku kwatanta a ce wanda kuke jayayya da shi kan wa ya fara aiki shi ne shugaban kwamitin difens ɗinku. Wani abin takaicin ma, a bugun farko na babban littafinsa Principia a 1687, Newton da kansa ya rubuta cewa Leibniz ya sanar da shi wata hanya mai kama da tasa. A bugu na uku, 1726, bayan Leibniz ya mutu, aka cire sunansa daga wurin.

Shi ma Leibniz hannunsa ba fari tas ba ne. A 1713 ya watsa wata takarda marar suna yana zargin Newton, yana kafa hujja da wasiƙar wani "babban masani" da bai ambata ba, wato Johann Bernoulli, wanda daga baya ya yi ta musun cewa shi ne. Sannan a 1689 ya buga wani rubutu kan tafiyar taurari yana nuna kamar bai ga Principia ba tukuna, sai sharhinsa kawai, amma masu bincike na zamaninmu sun samu bayanan da ya rubuta yana karanta littafin, kuma sun nuna ya riga ya gani. Mutumin da ya yi mafarkin a daina gardama a zauna a lissafa, ga shi yana jifa daga bayan katanga. Amma kan ainihin tambayar, masana tarihin lissafi sun daɗe da daidaita: kowannensu ya gano nasa da kansa, Newton ya riga ganowa, Leibniz ya riga bugawa.

A 1714 uban gidansa na Hanover ya zama Sarki George na ɗaya na Birtaniya. Fada ta kwashe ta koma Landan. Leibniz ya nemi ya bi su, aka ce ya zauna ya gama tarihin nan tukuna. Ko ba a faɗa ba, ba wanda ke son sabon sarki Bajamushe ya iso da abokin gabar Newton a ayarinsa. Ya zauna a Hanover, ciwon gaɓoɓi na cin sa, yana musayar wasiƙu da Samuel Clarke, na hannun daman Newton, kan ko sarari da lokaci abubuwa ne masu zaman kansu ko kuwa dangantaka ce kawai tsakanin abubuwa. Shi yana kan na biyun, kuma bayan shekara 200 fiziks ta dawo ta saurari wannan ra'ayi da kunnen basira. Bai ga ƙarshen musayar ba. Ya mutu ranar 14 ga Nuwamba 1716 yana da shekara 70, bai taɓa aure ba. Manyan fada ba su je jana'izarsa ba. Royal Society ba ta ce uffan ba, haka ma ƙungiyar Berlin da ya kafa. Masanan Faris ne suka yi masa ta'aziyya ta girmamawa. Da Newton ya mutu a 1727, a Westminster aka binne shi, inda ake binne sarakuna, manyan ƙasa na ɗauke da makararsa.

Ingila ta ci shari'a, sai ta riƙe ɗigon Newton gam, don namu ne, ta ƙi alamar Bajamushe, don tasu ce. Wannan cutar ta "namu" da "nasu" mun san ta a ƙasar nan, ba sai na yi bayani ba. Ba alama kaɗai ta jawo ba, amma a ƙarnin da ya biyo baya manyan sunayen lissafi, Euler, Lagrange, Laplace, duk a ƙetaren teku suke, suna rubutu da d, ɗaliban Cambridge kuwa da yawa ba sa iya karanta littattafansu. Waɗanda suka karya abin ba farfesoshi ba ne. Ɗalibai ne 'yan digirin farko. A 1812 Charles Babbage da John Herschel da George Peacock da abokansu suka kafa ƙungiya a Cambridge don shigo da alamar Leibniz. Suka fassara littafin kalkulas na Bafaranshe Lacroix a 1816, da Peacock ya samu damar tsara jarrabawa kuma sai ya rubuta tambayoyinsa da d. Kowa ya san abin da ke fitowa a jarrabawa shi ɗalibi ke karantawa. Cikin 'yan shekaru ɗigo ya ja baya a jami'ar Newton kanta, kuma ta wannan hanyar, ta littattafan Ingilishi, dy/dx ta iso allunanmu. Babbage ɗin nan shi ne wanda daga baya ya ƙare rayuwarsa kan ƙera na'urar lissafi, ita ma bai gama ta ba.

Tarihin gidan sarautar kuwa, inda alƙalamin Leibniz ya tsaya shi ne shekara ta 1005, kuma ba a buga shi ba sai a shekarun 1840. Sauran takardunsa suna Hanover, ciki har da wasiƙu wajen 15,000 da ya yi musaya da mutum sama da 1,000. An fara fitar da cikakken bugun ayyukansa a 1923, kuma har yanzu da nake wannan rubutu masana a Jamus suna kan aikin, ba su gama ba.